Daga Akwatin Katako zuwa Wayar Aljihu: Tarihin Hoto a Bakin Komadugu

Ranar 19 ga watan Janairu na shekarar 2012, kamfanin Eastman Kodak ya shigar da takarda gaban wata kotu a Amurka, yana neman a yi masa katanga tsakaninsa da masu bin sa bashi. Jaridun Turai da na Amurka suka shiga juyayi kamar an yi rashin wani dattijon gari. A Diffa kuwa lokacin ɗibar tattasai ne, hankalin jama'a yana kan jan amfanin da aka baza a rana a gonakin bakin Komadugu, da kuma kuɗin da buhu zai yi in an tsallaka da shi Damasak ko Maiduguri. Labarin bai shiga hirar kasuwa ba. Waɗanda ya sosa wa rai ƴan kaɗan ne: tsohon mai gidan hoto da ya daɗe da rufe ɗakinsa na duhu, da malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati wanda tsohuwar kyamararsa ke kwance a ƙasan adaka, naɗe cikin zane, ba don ta lalace ba sai don babu inda zai sayi fim, babu kuma mai wanke masa.

Irin waɗannan masu ɗaukar hoto don sha'awa, waɗanda ba da shi suke ci ba, suna da ƙorafin da suka saba yi in hira ta kawo su kan wannan batu. Sukan ce wayar salula ta kashe hoto, ta kashe kamfanonin da suka ƙware a kansa, ta mai da abin da a da ake yi da natsuwa ya koma wasan yara. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma abin da Hausawa ke nufi da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wanda ya bi sawun kyamara a wannan kwari tun daga zuwanta zai ga cewa mutanen Komadugu ba su yi asarar ɗaukar hoto ba, hasali ma sai a zamanin waya ne na'urar ta shiga hannunsu. Asarar da aka yi tana wani wuri dabam, kuma ba a cika ambatonta ba.

Asalin abin sananne ne ga duk wanda ya yi aji a makarantar boko. Bafaranshe Nicéphore Niépce ne ya fara kama hoton da bai gushe ba, wajen 1826 ko 1827, daga tagar gidansa kusa da garin Chalon-sur-Saône. A 1839 aka bayyana dabarar Louis Daguerre a Paris. A 1888 George Eastman ya fito da ƙaramin akwatin da ya raɗa wa suna Kodak, mai ɗauke da fim na hoto 100, a kan dalar Amurka 25. Mai shi ya ɗauka, ya aika da akwatin dungum zuwa masana'anta, a wanke, a sake ɗura masa fim a mayar masa. A 1900 kamfanin ya fitar da Brownie a kan dala ɗaya tak. Dabarar kasuwancin ita ce a sayar da kyamara da araha, a ci riba a kan fim da takarda da ruwan wanki har abada.

A wannan shekara ta 1900, lokacin da yaran Amurka ke karɓar Brownie a matsayin kyauta, kyamara ta iso bakin Komadugu, amma a bayan bindiga ta zo. Ayarin Fernand Foureau da kwamanda Lamy, wanda ya taso daga Aljeriya a 1898 ya ratsa Sahara, ya sauka Damagaram a watan Nuwamban 1899, ya biyo gabas har ya riski kogin a farkon 1900 a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Cadi. Ranar 22 ga Afrilu aka gwabza a Kuseri, Lamy ya mutu, Rabe ma ya mutu. Hoton da ya fi kowane yaɗuwa daga wannan yanki a wancan zamani shi ne na kan Rabe, an sare shi an ɗaga shi a gaban kyamara. Ko me mutum zai ce game da wanda ya rushe Kukawa a 1893, wannan hoto ba don Barebari aka ɗauke shi ba. Shaida ce da aka tanada domin mutanen Paris, su gani da idonsu cewa aiki ya kammala, tun da gani ya kori ji.

Bayansu wasu suka biyo. Baturen Ingila Boyd Alexander da abokan tafiyarsa sun bi kogin Yobe da jiragen ruwa na ƙarfe zuwa tafki a 1904. Daga 1906 zuwa 1909 ayarin kyaftin Jean Tilho ya yi aikin shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila tun daga kogin Kwara har Tafkin Cadi, aikin da ya tabbatar da Komadugu a matsayin iyaka, ya bar dangi guda rabi a hannun Faransa rabi a hannun Ingila. Kundayen da aka buga a Paris daga 1910 suna ƙunshe da taswirori, da awon ruwa, da tarihin sarautu, da hotuna. A ƙarshen 1924 kuma motocin kamfanin Citroën masu tafiya a kan sarƙa suka ratso ta Yamai da Damagaram suka iso Gigime, tare da Léon Poirier mai shirya fim da mai zane Alexandre Iacovleff. Fim ɗin tafiyar ya cika gidajen kallo a Faransa a 1926.

Wanda ya duba hotunan wannan zamani zai lura da abu biyu. Na farko, in ba sarki ba ne ko wani babban mai sarauta, da wuya a rubuta sunan wanda ke ciki. Abin da aka saba sa wa a ƙasa shi ne ƙabilarsa ko sana'arsa, wai ga macen Manga, ga masuncin Buduma, ga mahayin Tubawa, kamar yadda ake yi wa tsuntsu ko tsiro laƙabi a littafin kimiyya. Na biyu, hotunan ba su zauna a nan ba. Suna ajiye a ɗakunan adana tarihi na Paris da Landan, cikin sanyi da tsabta, kuma saboda haka ne suka rayu har yau. Jikokin waɗanda aka ɗauka ba su san da su ba.

Zuwan kyamara na biyu ta hanyar takardun hukuma ne. Katin shaida, takardar tafiya, fasfon aikin hajji, takardun shiga jarrabawa, duka suna bukatar ƙaramin hoton fuska. Bukata kuwa ita ke kiran mai sana'a. A garuruwan Afirka ta Yamma an san mai hoton da ke kafa akwatinsa na katako mai ƙafa uku a gindin bishiya kusa da ofishin hukuma ko a bakin kasuwa. Akwatin shi ne kyamarar, shi ne kuma ɗakin wankin: mutumin ya zura hannu ta wani hannun riga baƙi, ya tsoma takarda cikin ƴan kwanonin da ke ciki, ya fito da dodon hoto, wato wanda fari ya koma baƙi baƙi ya koma fari, sa'an nan ya sake ɗaukar dodon domin ya sami hoto na sosai. Mai bukata yana zaune yana jira, ya karɓi abinsa da ɗanshi. Da yawan waɗanda suka yaɗa wannan sana'a, da ta gidajen hoto da suka biyo bayanta, baƙi ne daga kudu: Yarbawa, da mutanen Gana, da na Togo da Dahome, waɗanda suka koya wa yaran gari aikin.

Diffa kanta ba ta zama wurin da irin wannan sana'a za ta ciyar da mutum ba sai bayan 1964, lokacin da aka yi wa Jamhuriyar Nijar sabon tsari aka raba ta jihohi bakwai, aka ɗora hedikwatar jihar gabas a kan wannan ƙaramin gari na bakin kogi, alhali kuwa Gigime da Maine-Soroa sun girme shi a harkar mulki. Ofisoshi suka zo, da ma'aikata, da makarantu, da jandarmomi. A shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta da taimakon ƙasar Kanada, hanyar da aka kira ta Haɗin Kai, wadda ta haɗa yankin da Damagaram da Yamai mai nisan kilomita sama da 1,300. Duk da haka Maiduguri ta fi kusa, naira ta fi yawo a hannu bisa sefa, kuma kayan sana'a, har da fim da takardar hoto, ta can suka fi sauƙin shigowa.

A gidan hoto ne mutumin wannan ƙasa ya fara tsayawa gaban kyamara da zaɓin kansa. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Ranar salla a ci ado, a tafi da abokai ko ƙawaye, a tsaya gaban labulen da aka zana wa bene ko jirgin sama, a riƙe rediyo ko furen roba, a ɗaga hannu domin agogo ya fito. Amarya da lalle, alhaji da ya dawo, soja da sabon kaki, ɗalibin da ya ci jarrabawa. Mai son ya yi dariya ga labulen jirgin sama yana iya yi, sai dai ya tuna cewa wanda ke tsaye a wurin shi ya biya, shi ya zaɓi rigar, shi kuma zai tafi da hoton gida. Akwai malaman da suka ƙyamaci abin, suna kafa hujja da hanin yin sura, akwai gidajen da ba a yarda mace ta je ba. Amma tun da hajji kansa ba ya yiwuwa sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto, gardamar ba ta hana sana'ar kafuwa ba.

Akwai wata gwaninta ta masu hoton wancan zamani da ta cancanci a dakata a kanta. Fim ɗin launi da manyan kamfanoni suka yi, ba da baƙar fata aka auna shi ba. Shekaru da dama Kodak yana raba wa masu wanki wani katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Binciken malama Lorna Roth ta ƙasar Kanada ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ga launin hajarsu ba ya fita daidai a talla. Ke nan duhun katako ya riga duhun fatar ɗan Adam samun mai saurare. To, a ƙasar da mutum baƙi wuluk zai sa farar shadda mai ƙyalli ya tsaya a rana tsaka, fitar da fuska ba tare da rigar ta ƙone ba aiki ne na mai basira. Masu gidajen hoto sun koyi wannan da gwaji: inda za a sa fitila, lokacin da za a nemi inuwa, yadda za a kare wani sashe na takarda da tafin hannu a ɗakin duhu domin kada ya yi baƙi fiye da kima. Babu littafin kamfani da ya koya musu.

Shi kuwa mai ɗauka don sha'awa, a wannan yanki yawanci ɗan albashi ne. Kyamararsa ta zo ne a jakar alhaji daga Jidda, ko daga kasuwar Kano, ko a hannun ɗan'uwan da ya yi karatu a waje. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, saboda haka ba ya danna maɓalli sai ya yi lissafi. Fim guda yana iya kwana a cikin kyamara daga ƙaramar salla har babba, ya haɗa suna da biki da rabon sakamakon ƙarshen shekara. In ya cika a ba direba ko ɗan kasuwa mai zuwa Maiduguri ko Damagaram, a yi ta jira, kuma ba a san abin da za a gani ba sai an buɗe ambulan: wani ya rufe ido, wani kansa ya yanke, wasu zafi ya cinye launinsu tun suna cikin kyamara. Wannan jira da wannan tsada su ne tsofaffin masu sha'awa ke kira natsuwa. Sun manta cewa su ne kuma suka sa manomi da masunci da makiyayi, da kusan dukan mata, ba su taɓa riƙe kyamara ba.

Abin da masu juyayin Kodak ba su cika faɗa ba shi ne, kafin kamfanoni su faɗi, sai da suka ga faɗuwar mai sana'ar gida, kuma sun ci riba a kanta. A shekarun 1980 injunan wankin hoton launi masu aiki da kansu suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma, da yawansu a hannun ƴan Koriya ta Kudu. Injin ya karɓi fim ya fitar da hotuna cikin sa'a guda, da araha. Ɗakin duhu ya zama ba shi da amfani, gwanintar hannu ta zama ba ta da kasuwa, duk yaron da ya sami kyamara ya zama mai hoto, yana bin bukukuwa yana kai wa injin. Rayuwar Philippe Koudjina ta isa misali. An haife shi a Kwatano a 1940, ya zauna a Yamai, ya ɗauki daren birnin a shekarun 1960 da 1970, da gidajen rawa, da sojoji, da matasan da ke jin ƙasar tasu ce sabuwa. Zuwan launi ya karya masa kasuwa, rashin lafiya ya ƙarasa, ya rasu a Yamai a 2014 cikin talauci, ko da yake a lokacin an riga an nuna hotunansa a Bamako da Turai. Ga waɗanda suka rage kuma, karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai a dare ɗaya.

Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wani abin mamaki shi ne a cikin gidan Kodak aka haifi abin da ya kashe shi. A 1975 wani matashin injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kan kaset. Shugabannin kamfanin sun yi rajistar dabarar, sun ma yi kyamarorin dijital daga baya sun sayar da yawa, amma ribar da ke cikinsu ba ta kama ƙafar ribar fim ba, kuma babu mai gaggawar yanka saniyar da yake tatsa. A 1988 Kodak yana da ma'aikata sama da 145,000. Bayan shekara ta 2000 kasuwar fim ta fara zubewa kamar ginin ƙasa a damina. Polaroid ya karye a 2001. AgfaPhoto na Jamus ya bi shi a 2005. A 2006 Konica Minolta ya bar sana'ar kyamara ya miƙa wa Sony abin da ya rage. A tsakiyar shekarun nan ne aka rufe babbar masana'antar Kodak ta Chalon-sur-Saône, garin Niépce kansa. A 2009 aka daina yin Kodachrome. Kodak ya fito daga hannun kotu a 2013, ƙaramin kamfani mai harkar ɗab'i da sinadarai, ko da yake bai daina yin fim ba.

Fujifilm na Japan ne ya tsallake, kuma yadda ya yi abin lura ne. Shugabanninsa sun duba suka ga cewa abin da suka iya ba hoto ba ne kawai, sarrafa sinadarai ne a kan shimfiɗa mai sirantaka. Suka karkata wannan ilmi zuwa kayan asibiti, da magunguna, da fatar da ake sa wa gilashin talabijin da kwamfuta, har da man shafawa na mata.

Waɗanda suka ci gajiyar mutuwar fim, wato masu ƙera kyamarar dijital irin su Canon da Nikon da Olympus, ba su daɗe suna murna ba. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan ta nuna cewa a 2010 sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. A 2020 ba su kai miliyan 9 ba. A shekarar ce Olympus, bayan sama da shekara 80 yana wannan aiki, ya sanar da sayar da sashensa na kyamara. Abin da ya cinye su ya fara ne a Japan wajen 1999 da 2000, lokacin da Kyocera da Sharp suka liƙa wani ɗan ƙaramin ido a jikin wayar salula, abin da ƙwararru suka ɗauka wasa ne.

A Nijar, Celtel ya fara aiki a 2001, Orange ya shigo a 2008, layi ya yi ta tafiya gabas a hankali. Ranar 18 ga Disamban 2009, lokacin da Diffa ta karɓi bikin zagayowar ranar Jamhuriya a zamanin shugaba Tandja Mamadu, ɗan Maine-Soroa, ƙaramar kyamarar dijital tana kan ganiyarta, mai ita kuma abin kallo ne. Da bikin ya sake dawowa garin a 2021 da sunan Diffa N'Glaa, wayoyi ne a sama ko'ina. Kuma ba wayoyin Amurka ko na Turai ba ne. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, wanda ya kama kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, ya gina sunansa a kan abubuwan da manya suka raina: gurbin layi biyu, batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da aka daidaita domin ta fitar da baƙar fuska. Abin da Kodak ya yi shekaru bai kula da shi ba, shi wani ya mayar jari.

Nan ne ƙorafin tsohon mai sha'awa ya fi rauni. Yau manomin tattasai yana aika wa dillali hoton hajarsa kafin ya ɗora buhu a mota. Makiyayi yana nuna wa mai saye bijimin Kuri mai manyan ƙahoni ba tare da ya koro shi kasuwa ba. Matan da ba a taɓa bari su taka ƙofar gidan hoto ba suna ɗaukar junansu a tsakar gida, su aika wa ƴan'uwa a Kano ko Libiya ko Makka. A tarihin wannan kwari ba a taɓa yin lokacin da mutanensa suka ɗauki kansu da kansu kamar yanzu ba.

Abin da ya tafi tare da kamfanonin shi ne takarda. Tsarin Eastman, duk da son ribar da ke cikinsa, yana tilasta wa kowane hoto ya zama abu mai jiki: ga dodo a hannun mai wanki, ga takarda a hannun mai shi. Takardar tana iya yin shekara 50 a cikin adaka ko a jikin bango, ba ta bukatar caji, ba ta bukatar lambar sirri, jika yana iya tsintar ta. Hoton waya kuwa yana zaune ne a kan ɗan katin da bai kai farce ba, cikin na'urar da ƙura da zafi da faɗuwa ke kashewa cikin ƴan shekaru. In wuri ya cika a goge na da a sa na yanzu. In an aika ta WhatsApp ya ragu. In wayar ta ɓata, ko aka sayar da ita a ranar matsi, ko mai ita ya rasu ba wanda ya san yadda ake buɗe ta, shi ke nan. Mai shakkar darajar hoton da ya daɗe ya dubi wanda ƴan sama jannatin Apollo 7 suka ɗauko na Tafkin Cadi a watan Oktoban 1968, a kan fim ɗin Kodak: ruwa ne shimfiɗe har kusa da Gigime. Dattawan garin suna faɗin haka da baki, yara suna jin abin kamar tatsuniya, sai an nuna musu.

A wani wuri wannan magana za ta iya zama ta masu lokacin zama. A Diffa ba haka ba ne. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai. A watan Mayu aka kwashe mazauna tsibiran tafki. A farkon Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, dubban mutane suka fito da ƙafa. Ƙauyukan bakin kogi da dama suka watse, jama'arsu suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Wanda ya gudu da dare yaro yake ɗauka, ba adaka ba. Abin da wuta ta bari, gara da ruwa suka samu, domin Komadugu ta yi ambaliya mai tsanani a 2019 da 2022. Ta haka hotunan takarda na shekaru 40 ko 50 suka salwanta a wurare da yawa, na waya kuma ba a yi su domin su daɗe ba. Akwai garuruwan da yau babu mai iya nuna yadda kasuwarsu ko masallacinsu ko ƙofar mai garinsu take kafin 2015.

A cikin waɗannan shekaru an ɗauki fuskokin mutanen yankin fiye da kowane lokaci, kuma an adana su da kyau, sai dai ba a hannunsu ba. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi rajistar jama'a da hoto da zanen yatsa, a sansanin Sayam Forage da wajensa; hukumar zaɓe ta yi irin nata kafin zaɓen 2020; manema labarai da ma'aikatan agaji sun cika rumbunan kamfanonin dillancin labarai da hotunan mata a layin ruwa da yara a ƙofar tanti. Ayyuka ne masu dalili, wasunsu sun ceci rayuka. Amma malamin tarihin da zai zo bayan shekara 60 yana neman fuskar Diffa ta wannan zamani, akwai tsoron abin da zai tarar ya yi kama da na zamanin Tilho: hotuna masu kyau, a ajiye a wata ƙasa, da rubutu a ƙasansu mai cewa ga wata ƴar gudun hijira.

Bamako ta nuna cewa abin yana iya zama dabam. A 1991 aka nuna wasu hotuna a wani baje koli a Amurka, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Da aka bi sawu sai aka tarar da Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a 1948, yana nan da ransa, da dubban dodannin hotunansa a adane. Daga 1994 birnin ya fara karɓar taron masu hoto na Afirka, a 2007 kuma Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venise. Ba kyamarorinsu ne suka fi na kowa ba; ajiya suka iya. Nijar tana da wuraren da aka tanada domin irin wannan, kamar gidan adana takardun tarihi na ƙasa, da cibiyar IRSH, da gidan tarihi na Boubou Hama, amma dukansu a Yamai suke, kuma ba za su san abin da ke cikin adakar wata tsohuwa a Shetimari ko Geskeru ba. Makarantu da ƙungiyoyin al'adu, da jami'ar da aka kafa a Diffa a 2014, su ne ke kusa. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma ita wayar da ake zargi ita ce kayan aikinsa: ɗalibi ya nemi izini a gida, ya ɗauki tsohon hoto a inuwa, ya zauna da kakarsa ta faɗa masa ko su wane ne, a ina, a wace shekara, shekarar wane abu, a rubuta da fensir a bayan na asalin, a mayar wa masu shi, a wanke kwafi a ajiye a makaranta. Ɗaukar ba ta da wuya. Sunayen ne ke hannun mutanen da shekarunsu suka ja.

Gidajen hoton da suka rage a garin sun koma wani abu dabam. Babu ɗakin duhu, sai kwamfuta da injin bugawa, wanda sau da yawa sunan Canon ko Epson ne a jikinsa. Ana zuwa domin hoton takardun jarrabawar BEPC ko na katin shaida, ko kuma a turo hoto daga waya a ce a gyara fuska a sauya bango. Babban cinikinsu na lokacin aure ne, sa'ad da ake buga kalanda da ƴan takardun liƙawa masu hoton ango da amarya, a raba wa mahalarta, su ƙare a bangon shago, ko a jikin firji, ko a murfin bokiti. Masu sha'awar hoto na da suna raina su saboda ƙyalƙyali da furannin da ake cika musu. Amma suna kan takarda, an buga su da yawa sun watsu gida-gida, kuma kowace tana ɗauke da sunan mutum biyu, da sunan gari, da kwanan wata.